Fumfuna a Kujerun Jirgin Ruwa: Wanki ne Magani ko Shanya?

Kujerar jirgin ruwa ba ta daɗewa da sabunta. Damina ɗaya ta isa a ga baƙin ɗigo-ɗigo ya fito a bakin ɗinki, daga nan ya bazu zuwa majingina, sannan warin rima ya kama jirgin gaba ɗaya. Fumfuna ke nan. Masu jiragen faiba da ke jigilar fasinja tsakanin Ikorodu da tsibirin Legas sun san ta, na hanyar Fatakwal zuwa Bonny sun san ta, haka ma masu ƙananan jiragen inji a tafkin Kainji da mahaɗar ruwa ta Lokoja. Kwalekwalen katako mai benci ba ruwansa da wannan damuwa sosai, domin rana na dukan katakon kai tsaye. Jirgin da aka ƙawata da kushin shi ne ke shan wahala, har ta kai fasinja mai fararen kaya sai ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna, ko kuwa ya haƙura ya jira jirgi na gaba.

Abin da yawancin masu jirgi ke yi sananne ne. A aiki yaron jirgi ya sayo bilic, a kwarara a kan kujera, a dirje da buroshi, nan take fari ya dawo kowa ya ji daɗi. Ba a jimawa baƙin ya sake fitowa, wannan karon har da zare da ya fara tsinkewa da leda da ta fara tauri. To, ruwa ba ya tsami banza. Tabon da ake gani a sama alama ce ta ruwan da ya maƙale a wani wuri, kuma muddin ruwan yana nan, wanki komai kyansa jinkiri kawai yake sayowa.

Abin da ke raya ta

Fumfuna halitta ce mai rai, dangin laimar kwaɗi da yis ɗin burodi. Irinta ƙura ce da ido ba ya gani, tana yawo a iska ko'ina, a kan ruwa da kan tudu, saboda haka ba wanda zai iya hana ta sauka a jirginsa. Abin da mutum ke da iko a kai shi ne ko za ta tsira bayan ta sauka. Abu huɗu take nema: danshi, abinci, ɗumi, da iskar da ba ta motsi. Idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100, ta samu gida. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka na ba da shawarar a riƙe laimar rufaffen wuri ƙasa da kashi 60, kuma duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan wannan lokaci tsiron kan fara. A Legas da yankin Neja Delta laimar iska kan haura kashi 80 a yawancin watannin shekara. Ke nan a can ko ba a yi ruwan sama ba, iskar kanta a jiƙe take.

Abincinta kuwa mu ne ke kai mata. Gumin fasinja, man shafawa, ɓurɓushin burodi da gyaɗa, lemon kwalba da ya zube, ruwan kifi, ƙurar da ta kwanta ta jiƙe, duk waɗannan suna taruwa a cikin ƙananan ramukan da ke fuskar leda da kuma lungun ɗinki. A ruwan gishiri akwai ƙarin matsala. Gishirin da feshin igiyar ruwa ya bari a kan kujera yana jan danshi daga iska, shi ya sa kujerar da ba a ɗauraye ba takan yi damshi-damshi a hannu ko da rana ta dake ta.

Ledar ita kanta ba ta tsira ba. Asalinta robar PVC ce, irin wadda ake yin bututun famfo da ita, sai dai an cuɗa ta da wani mai da ke sa ta laushi. Wannan man yana tasowa sama a hankali, kuma akwai nau'in fumfuna da ke ci daga gare shi, musamman wadda masana ke kira Aureobasidium pullulans. Ita da irin su Cladosporium suna da baƙin launi a jikinsu wanda ke rina leda. Wannan ne ya sa ake iya kashe fumfuna amma tabonta ya ƙi fita. Ledar da aka yi musamman don jirgin ruwa ana zuba mata maganin hana tsiro tun daga masana'anta, a kuma shafe fuskarta da wani siririn rufi mai kare ta daga rana da datti. Ledar kujerar falo ko ta mota ba lallai ta samu wannan gata ba, kuma da ita ake ɗinka kushin da yawa a wurarenmu saboda ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu. Araha ba ta ado.

A fara gano zurfinta

Kujerar jirgi hawa-hawa ce: leda a sama, yadi manne a bayanta, soso a tsakiya, falankin katako a ƙasa, zare da ƙananan ƙusoshi suna riƙe da su duka. Fumfuna na iya tsayawa a ɗaya daga cikin matakai uku, kuma kowane mataki da maganinsa. Kafin a taɓa sabulu ya kamata a san inda aka tsaya.

Gwajin ba wuya. A jiƙa farin ƙyalle a goga a kan tabon. Idan baƙin ya biyo ƙyallen ya bar ledar fes, to a sama take, ba ta yi saiwa ba. Idan an goga ya rage amma wani duhu-duhu ya zauna a cikin ledar, launi ya riga ya shiga fatarta. Sai kuma a ɗora babban yatsa a bakin ɗinki a danna da ƙarfi. In aka ga ruwa na tsattsafowa ta ramukan allura, ko wani wari ya bugo hanci da soson ya saki iska, to ciki ya jiƙe. A kwance kushin a kifa shi. Ƙusoshin da suka yi jan tsatsa, katakon da farce ke shiga, baƙin zane a bayan yadi, duk suna cewa abu ɗaya: matsalar daga ƙasa take tasowa, abin da ake gani a sama ɗan kaɗan ne daga cikinta.

Wankin da ba ya cutar da kujera

Idan a sama take, aikin na sabulu ne da haƙuri. A ciro kushin ɗin a kai shi tudu, nesa da bakin ruwa, a fili inda iska ke kaɗawa. A sa safar hannu da takunkumi, domin dirza na tayar da ƙurar irin. Kada a kakkaɓe ta a bushe. A fara jiƙa wurin da ƙyalle don kada ta tashi. Sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan a cikin ruwa mai ɗumi ya wadatar. A shafa, a bar shi ya jiƙa na 'yan mintoci, sannan a bi da buroshi mai laushi. Ɗinki da lungun da majingina ta haɗu da mazauni su ne maɓoyarta, kuma tsohon buroshin haƙori ya fi komai shiga wurin. A ɗauraye da ruwa mai tsabta ba tare da an yi wa kushin wanka ba, a tsane da busasshen tawul, a jingine shi a tsaye ya sha iska.

Idan sabulu bai gama ba, mataki na gaba shi ne farin ruwan khal na girki, wanda tsaminsa ke kusan kashi 5 cikin 100. A fesa, a bar shi kamar rabin awa, a goge, a ɗauraye. Yana kashe nau'o'in fumfuna da dama, amma ba ya cire launi. Don rage duhun tabo a farar leda ana iya gwada ruwan haidurojin na kemis, mai ƙarfin kashi 3. In na kashi 6 aka samu sai a raba shi da ruwa daidai wa daida. Ko wanne za a yi amfani da shi, a fara gwadawa a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa. Akwai masu haɗa khal da hodar bekin soda don sun ga yana kumfa. Kumfar ba aiki take yi ba, shaida ce cewa ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya.

Abubuwan da ke kashe kujera da sauri su ne waɗanda suka fi kusa da hannun mai jirgi: fetur, kananzir da tina. Suna cire tabo, amma suna tsotse man laushin ledar su tafi da shi, bayan 'yan watanni ta bushe ta tsattsage. Soson ƙarfe da buroshin wanke taya suna kankare rufin da ke fuskarta. Farin soson goge tabo da ake sayarwa a manyan kantuna shi ma kankara yake yi, sai dai a hankali yadda ido ba zai lura ba. Ledar da ta rasa rufinta ta fi saurin kama datti, don haka kowane irin wannan wanki yana share wa fumfunar gaba hanya. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kuwa yana tura ruwa ta ramukan ɗinki zuwa cikin soso, wato ainihin wurin da ba a so ya je.

Muhawarar bilic

A nan ra'ayi ya rabu. Masu goyon bayan bilic suna da hujja: babu abin da ke kai shi cire baƙin tabo, ga araha, ga shi a kowane kanti. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta amince da shi wajen wanke fumfuna a abubuwa masu tauri, da sharaɗin kada ya wuce kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwa, wato kusan lita 4. Kamfanin Sunbrella, mai yin yadin rumfar jirgi da kushin, shi da kansa yake ba da wannan ma'aunin tare da rubu'in kofi na sabulu don wanke yadinsa, saboda launin yadin a cikin zaren yake tun daga narki, bilic ba ya koɗar da shi. Wasu masu yin ledar jirgi ma sun yarda da kashi ɗaya na bilic cikin kashi 10 na ruwa, in za a ɗauraye sosai.

Masu adawa kuma suna duba abin da ke biyo baya. Bilic yana cin zare, musamman na auduga da nailan, kuma zare shi ne ran kujera: da zarar ɗinki ya buɗe, ruwa ya samu ƙofa. Yana busar da leda idan ana yawan sa shi. Yana sa ƙusoshi tsatsa, yana cin alminiyom. Mafi muni, yana ruɗin ido. Yakan faranta abin da ke sama ya bar na cikin soso da rai, mai jirgi ya ɗauka ya gama alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ba ta ba da shawarar a mayar da shi abin yau da kullum wajen kawar da fumfuna ba, tana mai nuni da cewa ko matacciyar fumfuna na iya tayar wa mutum da rashin lafiya, saboda haka cire ta ake bukata, kashewa kaɗai ba ta isa ba.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, matsayin da ya fi dacewa shi ne bilic ya zama makamin ƙarshe. A yi amfani da shi a kan tabon da ya gagari sabulu da khal, a tsarma shi da ruwa, a ɗiga da ƙyalle a kan tabon kaɗai, a kauce wa ɗinki, kada ya wuce 'yan mintoci, a ɗauraye har sau biyu ko uku. Sharuɗɗa biyu kuma ba sassauci a cikinsu. Na farko, ba a haɗa bilic da khal, ko da ruwan wanke masai, ko da wani abu mai amoniya, domin haɗin na fitar da iskar guba mai ƙona huhu. In an yi amfani da khal, a ɗauraye tas kafin a kawo bilic kusa. Na biyu, ruwan ɗaurayar kada ya koma kogi. Sinadarin kulorin da ke cikin bilic guba ne ga kifi ko da kaɗan ne, kuma mashigin da ake wankin nan ne masunta ke jefa taru, nan ne mata ke ɗiban ruwa.

Tabon da ba fumfuna ba

Wani lokaci abin da ke fitowa a farar kujera ba baƙi ba ne, ja-ja ne mai ruwan hoda, kamar an zubar da alawa. (Mutane kan zargi rigar fasinja ko jar leda.) Sau da yawa aikin wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Streptoverticillium reticulum, wadda ke zama a jiƙaƙƙen soso ko bayan leda, tana fitar da rini. Rinin yana narkewa a cikin man laushin ledar ya ratso daga baya zuwa gaba. Tunda daga ciki ya fito, dirza daga waje ba ta kai gare shi, sai dai a ƙara lalata ledar a banza. Wanda ya ga irin wannan tabo ya ajiye buroshi ya duba soso.

Idan ta shiga soso

A wannan mataki mai ɗinkin kushin ake nema. Gogaggen mai sana'a da ya farke gefe ya matsa soson ya ga baƙin ruwa na ɗiga, ba ya ɓata lokaci, abin da zai ce shi ne, "Alhaji, wannan ba aikin sabulu ba ne, sai dai a sake ciki." Gaskiya ya faɗa. Soson katifa na yau da kullum yana shan ruwa ya riƙe, kuma da yake leda ta lulluɓe shi ta ko'ina, yana iya yin makonni bai bushe ba. In fumfuna ta ratsa shi, babu wankin da zai fitar da ita duka. Idan ɗan gefe ne ya taɓu, ana iya zare soson, a wanke, a matse, a shanya kwana da kwanaki har tsakiyarsa ta bushe. Idan ya yi baƙi, yana wari, ko yana marmashewa a hannu, a jefar. Ɗora sabuwar leda a kan ruɓaɓɓen soso gyaran gangar Abzinawa ne.

Tunda an riga an buɗe, a gyara abin da ya jawo matsalar tun farko. Akwai soso iri biyu da suka dace da jirgi: mai manyan ƙofofi wanda ruwa ke ratsawa ya fice nan take, da kuma toshasshe wanda ba ya shan ruwa sam, irin na cikin rigar ceto, sai dai shi ya fi tauri wajen zama. A huda ramuka a katakon ƙasa don ruwa ya samu mafita, a shafe katakon da fenti ko a musanya shi da allon roba. A sa yadin raga a ƙasan kushin maimakon a rufe shi ruf da leda. A ɗinka da zaren foliyesta mai jure rana, a ɗame da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Kuɗin zai fi na gyaran gaggawa, amma ba za a dawo baɗi ba.

Rufi, iska da yanayinmu

Babban kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne lulluɓe jirgi da tamfol a ɗaure tam, ana ganin an kare shi daga ruwan sama. Da rana zafi na tayar da tururi daga ruwan da ya kwanta a ƙasan jirgi da jiƙaƙƙun igiyoyi, da dare tamfol ya huce tururin ya koma ruwa ya ɗiga a kan kujeru, tamkar yadda murfin kwanon tuwo mai zafi ke yin gumi. Danshi, ɗumi, duhu, iska a tsaye: an haɗa wa fumfuna duk abin da take so. Rufi mai kyau shi ne wanda aka tokare tsakiyarsa da sanda don ruwa ya gangare, aka bar kafa gaba da baya don iska ta ratsa. Kuma ba a rufe jirgi a jiƙe. A kwashe ruwan ƙasa, a goge kujeru da tawul bayan tashi daga aiki, a ɗaga kushin a jingine su, a buɗe akwatunan da ke ƙarƙashin kujera. Aikin minti goma ne, kuma ya fi kowane magani da ake sayarwa a kwalba.

A Arewa shekara kashi biyu take yi wa kujera, kowane da irin ɓarnarsa. Hunturu da bazara suna busar da leda, rana ta gasa ta har ta yi ƙananan tsaga. Damina na zuwa ruwa ya bi tsagar ya shige soso. Wato fumfunar watan Agusta a watan Maris aka buɗe mata ƙofa. Saboda haka mai jirgi a Yawuri ko Yamai ya yi amfani da rani: lokacin ne na farke kushin a shanya har ciki, a ɗinke inda ya buɗe, a like tsaga, a kuma yi wa kujeru inuwa idan jirgi ba ya aiki. Rana na kashe fumfuna, amma yini ɗaya na shanya daban, barin leda a rana wata da watanni daban. Na kudu, da ba su da dogon rani, dole su dogara da iska da tawul a kullum.

Abin da ya wuce kwalliya

Wani zai ce duk wannan maganar ado ce. Ba haka ba ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a rufaffun wurare, inda ta danganta su da tari, ciwon hanci da tashin asma. Fasinja na zama ɗan lokaci ya sauka, amma direba da yaron jirgi a nan suke wuni, wasu a nan suke kwana.

Sannan a ƙarƙashin kujerun nan ake cusa rigunan ceto, sau da yawa a jiƙe. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, da takwararta ta Jihar Legas, LASWA, suna wajabta wa kowane fasinja sa rigar. Amma rigar da ta yi baƙi tana wari, mutane kan riƙe ta a hannu ko su ɗora a cinya maimakon su ɗaura, kuma rigar da ke cinya ba ta ceton kowa idan jirgi ya kife. Ita ma sabulu mai sauƙi da ruwa take so, ba bilic ba, a rataye ta a inuwa mai iska ta bushe kafin a adana. Wadda yadinta ya ruɓe ko maɗaurinta ke tsinkewa idan an ja da ƙarfi, a fitar da ita daga jirgi.

Hukuncin dai a bayyane yake. Tabon sama na sabulu ne, tabon da ya shiga leda a rage shi a haƙura da sauran, soson da ya ruɓe a sake shi, bilic kuma a ajiye shi sai an rasa yadda za a yi. Mai jirgin da ke son kujerunsa su kai shekaru ya sa wa yaransa doka ɗaya: ba a ɗaure tamfol sai kujera ta bushe.